Hoton Shanun da Na Kai Japan

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyakar Kongolam, manyan motoci suka yi layi albasa tana ruɓewa a cikinsu, a shekarar ce na je Japan. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a kasuwar Sandamu, har a wurin zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Malam Idi, wai da gaske ɗanyen kifi suke ci?" In ba shi amsa, gobe wani ya sake tambaya. Malam Lawal, mai koyar da mu a ajin yaƙi da jahilci, ya ce tunda hannuna ya faɗa, in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Wata uku ina yi, shafi ɗaya kullum bayan la'asar. Shi ya gyara mini baƙaƙen da na kuskure, amma maganar tawa ce.

Zan faɗi batun kifi da jirgi duka. Amma sai na fara da Buba, don ba za a gane tafiyar ba sai da shi.

Buba Bafillace ne, rugarsu tana arewa da ƙauyenmu. Shekara fiye da ashirin, in an cire amfanin gona, a gonata yake saukar da shanunsa. Su ci kara, su bar mini taki, matarsa ta aiko wa iyalina nono. Mahaifinsa ma a gonar mahaifina yake sauka. Buba bai yi boko ba. Ni ma sai da na kai hamsin na fara, allo kaɗai na yi da yarinta. Da na iya karatu, ɗana Sani da ke karatun ban ruwa a Japan ya aiko mini da babbar waya, sai na zama mai karanta wa mutane labari a gindin dalbejiyar ƙofar gidana. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi. In na ce "ga shi a rubuce," kowa sai ya yi shiru.

Saura mako biyu in tashi, aka ji ɓullar ciwon huhu a shanun wajen Mai'aduwa. Rufe iyaka ya sa garkuna sun cunkushe a wuri ɗaya, suna shan ruwa a tafki ɗaya. Aka yi shela cewa malaman dabbobi za su zo yin allurar rigakafi. A ranar saƙo ya shigo wayata daga wani ɗan ajinmu: hoton shanu fiye da ashirin kwance matattu a jere, da rubutu a ƙasa cewa a wani ƙauye kusa da Kazaure ne, kwana biyu bayan an yi musu allura. An ƙare da cewa duk wanda ya samu ya tura wa Musulmi goma.

Buba na zaune na karanta. Ya ce, "Ba ni in gani, Malam." Na miƙa masa. Ya kare wayar da tafin hannu saboda rana, ya daɗe yana kallo.

"Malam, waɗannan shanun ina tozonsu?"

"Kwance suke, Buba, sun kumbura. Ka bar ta tozo. Ga shi a rubuce, har da sunan gari."

"To," in ji shi. "Kai ne idonmu. Mu shanu muka sani, ba takarda ba."

Ranar da malaman allura suka zo, Buba ya riga ya kora garkensa dajin wajen Dutsi tun asuba. Shanu ashirin da uku. Ni kuwa na kwanta ina jin na ceci dukiyar aboki.

Na bar gero ya fara nuna, na damƙa gona a hannun ƙanena Haruna. Daga Daura na shiga motar Kano. Biza tun watan baya na je Abuja na karɓo, don Sani ya gama karatu ne ya gayyace ni bikin ba su takarda. Ya rubuta mini wata doguwar takarda da Turanci da Japananci, ya ce duk inda na rikice in nuna. A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar Kano mai zuwa Sin saro kaya. Da ta ga ina kokawa da bel ɗin kujera ta ce, "Baba, Makka ma ba ka je ba, sai Japan? Ka tsallake gari da yawa." Ita ta riƙe ni a filin jirgin Habasha, ta kai ni har ƙofar da zan jira, ta ce kada in motsa ko wa ya kira ni. Ban motsa ba. Awa biyar, ko ruwa ban nema ba.

Jirgi na biyu ya daɗe har na daina lissafi. Rana ta faɗi ba a lokacinta ba, ta fito ba a lokacinta ba. Na yi sallolina a zaune, na bar wa Allah sanin alƙibla.

Kafin mu sauka aka raba wata 'yar takarda a cike. Na fito da ta Sani na kwafa, na rubuta sunana da hannuna, baƙi bayan baƙi, na sa hannu. Na tuna shekarun da nake dangwala yatsa a takardar taki ina sunkuyar da kai. Na isa gaban jami'in shige da fice da takardata ina jin kaina. Ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya nuna mini wani gilashi, ya ɗaga yatsunsa biyu. Wato in dangwala. Shekara huɗu ina koyon sa hannu, na zo ƙarshen duniya an ce in dangwala yatsa.

A wurin kwastan wani ɗan ƙaramin kare sanye da riga ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Na janye rigata kada ya taɓa. Aka buɗe jaka. Kuka da daddawa da yaji suka shinshina, wani ya yi atishawa, suka mayar. Kilishin da na sayo wa Sani kuwa suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Matar da ta karɓe ta yi ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum abu da ladabi haka ba.

Sani na jira a waje. Ya rame, ya yi haske. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, suna ta kallonmu.

Garinsu tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa daga Tokyo. Jirgin cike yake, amma shiru kamar ana jiran liman ya tayar da salla. Kowa ya sa kai a waya ko a jarida. Na yi wa na kusa da ni sallama, ya razana. Barci ya ɗauke ni, da muka sauka na bar hulata a kan kujera. Na ce ta tafi ke nan. Sani ya ce, "Baba, za ta dawo." Na ɗauka lallashi ne. Bayan kwana biyu muka je tasha aka miƙo mini ita a cikin leda, an maƙala mata takarda.

Ɗakin Sani bai kai zaurena ba. Ana cire takalmi a ƙofa kamar gida, ƙasa kuma shimfiɗe take da wata tabarma mai kauri mai ƙamshin ciyawa, a kanta ake kwana. Wannan ya yi mini. Banɗakin ne ya ba ni wahala. Babu buta, sai maɓallai a jikin abin zama. Na danna ɗaya bisa kuskure ina tsaye, ruwa ya feso mini a gaban riga. Daga baya na gane tsarki yake yi wa mutum, na ce ashe su ma da ruwa suke yi. Abinci shinkafa ce fara mai danƙo, ba mai ba gishiri, da ruwan miya a ɗan kofi. Ɗanyen kifin gaskiya ne. Na ci yanka ɗaya don kada in kunyata malamin Sani da ya gayyace mu. Ba shi da ƙarni, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Sauran kwanakin Sani ya riƙa tuƙa mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Gaisuwarsu sunkuyawa ce kamar ruku'u. Ni dai hannu nake sawa a ƙirji, ba wanda ya ji haushi.

Mai gidan da Sani ke haya wani tsoho ne mai suna Morita, ya haura tamanin, matarsa ta rasu. Kullum da safe sai in gan shi a ƙofa da jaridu uku da jan alƙalami, yana ja musu layi. Na sa Sani ya tambaye shi ko malami ne. Ya yi dariya, ya ce ɗan jarida ne da, shekara talatin da wani abu. Ya shimfiɗa jaridun uku a gabana. Ban iya rubutunsu ba, amma na ga hoton da ke gaba iri ɗaya ne a dukansu.

Duk abin da zan ce Morita ya faɗa, ta bakin Sani na ji shi.

Ya ce a ƙasarsu kowace babbar ma'aikata tana da ɗaki da ta ware wa 'yan jarida. A nan suke wuni, a nan ake kawo musu labari, su rubuta. Ba a kama kowa, ba a dukan kowa. Amma wanda ya cika tambaya, sai ya ga an daina kiransa in za a yi magana.

Na ce, "Wa ke hana su faɗi?"

"Ba wanda ke hanawa," in ji shi. "Mu muke hana kanmu. Mutumin nan ƙasar ba ya son ya zama shi kaɗai ya faɗi daban."

Ya ce shi kansa ya taɓa sanin wani kamfani yana zuba dagwalo a kogi. Ya rubuta, shugabansa ya ce a jira a ga ko sauran jaridu za su buga. Aka jira wata bakwai. Masunta suna ta kama kifi suna ci da 'ya'yansu. Da ya kai nan sai ya naɗe jaridun. Can ya ƙara da cewa yana yaro lokacin babban yaƙin duniya, rediyo kullum tana cewa suna cin nasara, har ranar da uwarsa ta goya shi suka fita daga unguwarsu tana ci da wuta.

Na ce masa mu a wajenmu akasin haka ne. In gwamnati ta ce gabas, mu yamma muke dubawa. Shi ya sa kowane tsoho yake da rediyonsa yana kama tashoshin waje. Na faɗi haka da alfahari. Morita ya ce, "To in ba ku yarda da gwamnati ba, da wa kuke yarda?" Na dubi Sani, bai taimake ni ba.

Kwana goma da zuwana Morita ya ce in raka shi ajinsu. Kowace Laraba da rana tsofaffin unguwa suna taruwa a wani zaure na jama'a, ana koya musu yadda za su tantance labarin da ke shigo musu waya da talabijin. Da na shiga na ga furfura a kan benci, kowa da littafinsa, wata tsohuwa tana goge kuskure da yawu a yatsa, sai na ji kamar ajin Malam Lawal. Malamarsu wata mata ce mai suna Yoshiko. Ta ce an fara ajin ne saboda duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa, ƙarya tana riga masu ceto isa gari. Ta ce a zamanin kakanninsu, bayan wata babbar girgiza, an yaɗa cewa baƙi suna zuba guba a rijiyoyi, aka kashe mutane da yawa a kan abin da bai faru ba. Ba wanda ya ɗaga kai da ta faɗi wannan.

Ta haska wani hoto a bango ta ce kada kowa ya karanta rubutun tukuna, a kalli hoton kawai a faɗi abin da ido ya gani. Sannan a tambaya: wa ya fara faɗa, shi kuma a ina ya ji? Da Sani ya fassara mini na ce, "Ai wannan na sani. Haka malamanmu ke yi wa hadisi. Wa ya ruwaito, daga wa?" Na yi shekaru ina jin wannan a zaure, ban taɓa kawo shi kan waya ba.

Yoshiko ta ce ko baƙonmu yana da wani labari daga ƙasarsu da za mu gwada? Niyyata in nuna musu cewa mu ma waya tana yi mana amfani, har ta ceci shanu. Na nemo hoton na miƙa. Aka haska shi a bango, ya yi girma kamar ƙofa. Sani ya fara fassara rubutun, ta ɗaga masa hannu.

Tsohuwar nan mai goge kuskure da yawu ce ta yi magana. Sani ya ce, "Baba, tana tambaya, haka shanunmu suke? Wai ta ɗauka shanun Afirka suna da ƙaho."

Na duba. Ba ƙaho, ba tozo, ba leɓe. Baƙaƙe ne masu gajerun ƙafafu. Ciyawar da suke kai kore ce shar, irin wadda ba ta fitowa a ƙasarmu ko a tsakiyar damina. Kuma duk a jere suke a gindin shingen waya. A ina aka taɓa kewaye makiyaya da waya a Kazaure? Na tashi cikin shanu, na yi huɗa da su shekara arba'in. Da a kasuwa aka kawo mini waɗannan, daga nesa zan ce ba namu ba ne. Amma ranar da hoton ya zo, rubutu nake kallo, don ina jin daɗin na iya karanta shi.

Yoshiko ta taɓa na'urarta, ba a yi minti biyu ba hoton ya fito a wurare da yawa. Na wata ƙasa ce a kudancin Amurka, shekaru da suka wuce. Aradu ce ta faɗa kan shingen ta kashe su. Ba allura a cikin maganar.

Na ji muryar Buba sarai a kunnena: "Ina tozonsu?"

Tsofaffin suka tafa, don sun ɗauka darasi ya yi kyau. Na ce wa Sani, "Ƙarfe nawa a gida?" Ya ce bakwai na safe. Na fita waje ba tare da na nemi izini ba, har na manta takalmina a ƙofa. 'Yar wayar Buba a kashe. Na kira sau tara. Na kira Haruna na ce ya bar girbi, ya hau babur ya nemo Buba a dajin Dutsi, ya ce masa hoton ƙarya ne, ya kai shanu a yi musu allura.

Morita ya fito riƙe da takalmina, ya ajiye a gabana. Sani ya gaya masa abin da ke nan.  Ya zauna kusa da ni a kan dakali. Can ya ce, "Kai ka fita da gudu a ranar da ka sani. Ni wata bakwai na yi."

Kwana uku Haruna yana nema kafin ya same shi. Ya kira ni ranar da aka ba su Sani takarda, ina sanye da babbar riga a cikin taro. Ya ce, "Yaya, na gan shi. Ya ce da can ka ce a rubuce yake kada a yi, yanzu ka ce a rubuce yake a yi, wanne rubutun zai bi? Kuma malaman allura sun gama zagayensu sun tafi. Akwai biyu da suka fara tari." Na ga an kira sunan ɗana, na ga ya hau ya karɓa da hannu biyu ya sunkuya. Na yi masa murna, Allah ya sani. Amma a hoton da aka ɗauke mu ranar, duk wanda ya gani sai ya tambaya ko ba ni da lafiya ne.

Sauran kwanakin Sani ya kai ni na ga teku, da gonakin shinkafa da inji ke girbewa ba kowa sai tsoho ɗaya a kai. An yi wata iska da ruwa kwana biyu ba a fita. Ranar tafiyata Morita ya ba ni jan alƙalaminsa. Ni kuma na ba shi hular nan da ta ɓata ta dawo.

Da na dawo ƙauye, ban kwana a gida ba sai da na je rugar Buba, don ya riga ya dawo daga daji da shanun da suka rage. Na tarar da shi tsaye kan wata saniya da ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, tana numfashi kamar zuga-zugi. Muka gaisa har ƙarshen gaisuwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi Sani. Sannan na fito da waya na nuna masa hoton, na ce, "Buba, gaskiyarka. Ba su da tozo. Ka gani, na danne ka."

Bai karɓi wayar ba. Ya ce, "Kwanansu ne ya ƙare, Malam. Amma ni ma da laifina. Idona ya gaya mini, na bi naka."

Washegari a gindin dalbejiya na tara mutane na faɗa musu abin da na faɗa a nan, ban rage ba. Har yanzu ina karanta wa wanda ya kawo. Amma nakan rufe rubutun da babban yatsa tukuna, in miƙa hoton ya zagaya, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wasu suna cewa Japan ta mayar da ni mai gardama. Buba ya sauka a gonata bana kamar kullum, matarsa ta aiko da nono a 'yar ƙaramar ƙwarya. Yana zuwa mu gaisa. In na ciro waya, sai ya tuna yana da aiki.

Masu tambayar abin da na yi asara a tafiya, ga shi. Kilishi ƙulli biyu a hannun kwastan. Hula ta ɓata ta dawo. Shanun Buba ashirin da uku ne ranar da na karanta masa saƙon. Huɗu sun mutu kafin in dawo, biyar bayan na dawo. A cikinsu akwai bijiminsa, da shanun tatsa uku, da karsana biyu, da maruƙa uku. Tara ke nan. Saura goma sha huɗu.